Bikon Aljanin Kwalbati

Tun da na dawo daga Nijar ban ƙara shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin kanal, kafin in kai kofi baki wani zai dafa kafaɗata ya ce, "Sha'aibu, wai da gaske kun gan shi?" Ina cikin ba shi amsa wani zai iso, a ce in koma farko. Ranar kasuwar Bunkure har wani da ban taɓa gani ba ya riƙe mini keke sai na ba shi labari. To na gaji. Ga shi nan na zayyana sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Gonata ita ce ta ƙarshe a kan ɗan kanal ɗin ƙauyenmu. Ruwa sai ya bi ta gonar kowa kafin ya iso wurina. In na sama sun yi adalci in samu, in ba su yi ba in yi kallo. Shekara da shekaru ana bin tsari, kowane ɓangare da ranarsa, kuma ba don mu waliyyai ba ne. A bakin ƙofar da ake sakin ruwa akwai wani kwalbati, kowa kuma ya san da mai zama a ciki. Wai asali a wata tsamiya yake, da aka zo haƙa kanal aka tuge tsamiyar, ya rasa wurin zama ya shige kwalbatin. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, bakinsa zai karkace. Muna yara an yi wani da bakinsa ya karkace ɗin. Likita ya ce hawan jini ne, amma ai ba wanda ya tambayi likita.

Sai injin ban ruwa ya yi araha. Mai inji ba ruwansa da ƙofa, daga inda yake zai jefa tiyo a kanal ya yi ta zuƙa. Matasa suka ce ai dokar Mai Kwalbati a kan ƙofa take, bai taɓa cewa komai a kan tiyo ba. Ana cikin haka aka kafa ƙarfen waya a Kura, ya zama mutum yana kishingiɗe a zaurensa zai ba da umarni a tayar da inji, ko gonar bai leƙa ba. Aka zuba ido a ga bakin wa zai fara karkacewa. Shiru. Daga nan aka yanke hukunci cewa ƙarar inji da ƙarfen waya sun dame shi, ya yi ƙaura.

Babban mai zuƙar nan kuwa ba bare ba ne. Alhaji Iliya ne, ɗan gwaggona, wato taubashina, wanda a al'ada bawana ne duk da shi ke da mota ni ke da keke. Gonarsa ce a kan gaba, injinansa manya ne, ranarsa da ranar da ba tasa ba duk ɗaya ne a wurinsa. Ni kuma tumatirina ya fara fure, lokacin da ba ya yafe ƙishi. Ganye ya fara nannaɗewa, fure ya fara zuba. Abin da na mallaka na noman ranin bana duk yana cikin gonar nan, in ta tafi na tafi.

Malam Liman ya yi iya ƙoƙarinsa. Juma'a bayan Juma'a yana wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci da zunubin hana ruwa. Mutane na girgiza kai, wasu har da hawaye. Alhaji Iliya a sahun gaba yake, shi ya fi kowa sharar ido da hannun riga, alhali daga cikin masallacin ana jiyo injinsa yana ta tu-tu-tu.

Baba Tanko, wanda ya fi kowa tsufa a garin, shi ya kawo shawara. Ya ce wani falken albasa ya ba shi labarin wani ƙauye a ƙasar Nijar, wajen Matamai, inda masu lambu suke shan tafki ɗaya kuma ba a taɓa jin an saci ruwa ba. "Can Mai Kwalbati ya koma," in ji Baba Tanko. "Inda babu hayaniya. A je a yi biko." Dattawa suka yarda. Aka nemo jan zakara na ban haƙuri, Baba Tanko ya ba da tulu mai murfi wanda za a sako shi a ciki in ya amince. Aka ce ni zan je tunda ni abin ya fi ci. Alhaji ya ce shi ma zai je, shi zai biya mota, don ya nuna wa ƙauyawa cewa a zamanin waya babu wani aljani.

Da safe muna jiran mota a bakin titi sai ga Liman a kan kekensa. Ya dubi zakara, ya dubi tulu, ya dube ni. Kunya ta sa na rasa inda zan sa idona.

"Sha'aibu, wannan abin da za ku yi ba shi da kyau, kuma ka sani."

"Allah gafarta Malam, tumatirina ne..."

"Na ga tumatirinka. Shi ya sa ban kwance zakaran nan na sake shi ba. Ku je, kada ku bar sallah ta wuce ku. In kun same shi ku gaya masa shi ma hisabi na jiransa."

Daga Kura zuwa Kano a bayan motar tumatir muka tafi, tsakanin kwanduna, don Alhaji ya ce motarsa ba ta ɗaukar kaji. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na zama a kan tumatirin wasu, jajur, ƙato-ƙato, nawa yana can yana mutuwa ba. A Kano muka shiga motar Daura. Direban mutum ne mai fara'a har sai da ya tambayi abin da ke cikin tulun. Na ce ba komai tukuna. Ya ce me ake nufi da tukuna? Da na yi masa bayani sai ya kashe rediyo, ya ce, "Yanzu dai na ɗauke ku. Amma a dawowa in kun hango motata ku kau da kai, ni ma zan kau da nawa." Wata tsohuwa da ke kusa da ni kuma ta matso ta raɗa mini cewa in mun gan shi in tambayar mata inda tunkiyarta ta shiga.

Alhaji kuwa tun daga Kazaure hannunsa na waje ta taga, waya a sama, yana farautar sabis. Duk inda ya samu sai ya kira yaransa na gona ya tambayi lafiyar inji. Matansa bai kira ko ɗaya ba. Na ce, "Bawana, a gabana?" Ya ce, "Rabona nake ja, ubangidana. Laifina ne da Allah ya sa gonarka a ƙarshe?" Zakara ya zaɓi wannan lokacin ya yi masa kashi a kan takalmi, na ji a raina ashe ba a banza aka sayo shi ba.

Sai bakin iyaka. Abin da duk dattawanmu suka manta shi ne shekarar murar tsuntsaye ce. Rediyo kullum maganar ke nan, ana ta ƙone kaji, mu kuma ga mu da jan zakara a hammata za mu tsallaka ƙasar mutane. Jandarman da ya tare mu siriri ne dogo, Hausarsa tas, ladabinsa har ya ba ni tsoro, don mu ba mu saba mai kaki ya fara gaishe mu ba. Ya duba katinmu, ya ce, "Dalilin tafiya?"

Na ce, "Biko."

"Matar wane ne a cikinku?"

"Ba mace ba ce, ranka ya daɗe. Aljani ne."

Ya ajiye biro a hankali. Ya kira abokin aikinsa, suka yi magana da Faransanci, suka dube mu, suka dubi tulu, suka sake magana. Abokin ya ɗauki tulun da yatsu biyu ya leƙa ciki daga nesa. Can jandarman ya ce ba su da gurbin wannan a takardarsu, don haka zai rubuta ziyarar dangi. Alhaji ya fara cewa shi ba danginsa ba ne, na taka masa ƙafa.

Zakara dai suka ce ko na sarkin aljanu ne ba zai shiga ba. Gaskiyarsu ce. Muka koma ɓangarenmu, muka samu wata mai abinci ta gyara shi da yaji da albasa. Haka muka zauna a kan benci muka cinye ban haƙurin Mai Kwalbati. Ni ina ci ina taɓa bakina in ji ko yana nan daidai. Alhaji da bai yarda da aljani ba shi ya cinye cinyoyin duka biyu.

A Matamai muka sauka gidan wani fatoma da ke saukar da fataken rake. Mutanen nan sun iya karɓar baƙo, amma abincinsu sai ka yi shiri. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, Alhaji ya gatsa ya ce ko dai na bara ne. Shayinsu kuma a ɗan kofin da bai fi kan babban yatsa ba, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya, ashe zagaye uku ne, kuma tashi kafin na uku rashin mutunci ne. Mu a gida shayi abinci ne, a cika kofi a zuba madara a tsoma burodi. Su a wurinsu hira ce, ba a sha don ciki. Furarsu dai na sara mata, da dambun zogalen da matar gidan ta aiko. Waya kuma salula suke ce mata, sabis kuma rezo. Alhaji ya yi ta zagaya tsakar gida da salularsa a sama, rezo ya ce bai san shi ba. Na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Ƙauyen da muke nema ba zan faɗi sunansa ba, don na san ku, za ku je ku dame su. Babu titi, sai amalanken shanu cikin rairayi, ya ɗan karkato kudu wajen iyaka. Muna tafe ina rungume da tulu ina tsara kalaman ban haƙuri. Da muka hau wani tudu muka hango koren lambuna kewaye da tafki, sai kunnena ya jiyo abin da ya tsinka mini zuciya: tu-tu-tu. Inji! Ba ɗaya ba. Ga wani saurayi kuma a kan jaki yana danna salula. Alhaji ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga amalanke. "To ubangidana, nan ne babu hayaniya?"

Muna shiga gari muka ga wani abin mamaki. Wani mutum jibgege yana tafe a tsakiyar hanya, duk ƙofar gidan da ya wuce sai wani ya fito da moɗa cike da ruwa, ya rusuna ya miƙa masa da hannu biyu. Ya tsaya ya shanye, ya yi godiya, ya yi gaba, na gaba ya tare shi. Maza, mata, har tsofaffi da sanda. Mutumin gumi yake, idanunsa sun firfito, yana tafiya ƙafa a ware. Alhaji ya ce, "Kai, wannan ko waliyyi ko hakimi. Ka ga inda aka san darajar manya. Mu a garinmu wa zai yi maka haka?"

Aka kai mu wurin Malam Isufu, shi ne limaminsu kuma shi ne babban masu lambu. Ɗan tsoho ne ƙanƙani, muka same shi a gindin mangwaro a lambunsa yana gyaran tiyo da tsumman roba. Bayan gaisuwa na ajiye tulu a gabansa na kwashe labari tun daga tsamiya har zakara. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo wurin ziyarar dangi sai ya kasa riƙewa, ya yi ta dariya har rawaninsa ya warware.

"Yaro, ba mu ga baƙonku ba," ya ce yana share ido. "In ma ya zo, bai gaishe ni ba."

Na ce, "To Malam, ku ba ku da naku?"

"Muna da shi mana. Mai Tafki. Wai in aka hana wani ruwa sai ya shanye tafkin a dare ɗaya. Kakata ta gaya mini, ni ma na ji ana gaya wa jikokina. Ban taɓa ganinsa ba, ba na kuma nemansa. Wannan na yara ne, kafin hankali ya zo. In sun girma sai mu ce musu, to, wancan labari ne, ga na gaskiyar: akwai Wanda yake ganinka, ba Ya barci, ƙarar inji ba ta korar Sa. Yawanci wannan ya ishe su."

"Wanda bai ishe shi ba fa?"

"Sai mu ba shi ruwa."

Ashe jibgegen nan da muka gani ɓarawon ruwa ne. Ya bar injinsa yana ja a ranar maƙwabcinsa. A garin ba a zagin irinsa, ba a dukansa, ba a kai shi ƙara. Cewa suke bawan Allah ƙishi ne ya dame shi, tunda har nasa bai ishe shi ba, don haka a taimaka masa. Duk inda ya bi sai a ba shi ruwa sadaka. Ruwan sadaka kuwa ba a mayar da shi kuma ba a rage shi, wanda ya mayar ya raina mai bayarwa da iyayensa. Ba a dainawa sai ya je da ƙafarsa ya shayar da lambun wanda ya cuta, shi kuma wancan ya fito ya shaida wa gari cewa mutumin ya ƙoshi.

"Ka ga kowa ya samu lada," in ji Malam Isufu. "Ba wanda ya yi zagi balle ya ɗauki zunubi. Da can da guga ake ban ruwa, shekara sai ta wuce ba mu shayar da kowa ba, don kafin ka saci na kirki bayanka ya gaya maka. Da inji ya zo kuwa, wata ba ya ƙarewa ba mu fito da moɗa ba. Inji ba ya gajiya, ba ya jin kunya, sai mai shi ya ji masa." Ya dube ni. "To a garinku wane ne mai ƙishin?"

Alhaji ne mana, amma yaya zan faɗa? Ɗan gwaggona ne, a ƙasar mutane muke, ga shi shi ya biya mota. Na ce, "Suna da dama, Malam." Na waiwaya in ga yadda Alhaji ya ji da wannan rufin asirin, sai na ga ba ya nan. Tun ana maganar Mai Tafki ya zame, don wani ya gaya masa in ya hau tudun rairayin da ke bayan lambun, sabis ɗin Nijeriya yakan leƙo. Ya kuwa leƙo. Alhaji kuma irin mutanen nan ne da suke ɗaga murya daidai nisan wanda suke magana da shi.

"Wa ya ce a kashe?" Muryarsa ta sauko daga tudu ta ratsa lambuna gaba ɗaya. "Ranar su wa? Ba ruwana da ranar kowa! Na ƙasa su jira damina! A bar shi ya yi ta ja!"

Duk wanda ke sunkuye a lambu ya miƙe. Malam Isufu ya gyara rawaninsa, ya ce a hankali, "Allah sarki. Ashe da mai ƙishi kuka zo, ba ku faɗa ba."

Alhaji na saukowa yana murmushi wata dattijuwa ta tare shi da moɗa. "Baƙo, ga ruwa." Ya ji daɗi, ya dube ni, wato ka gani, sun gane babban mutum. Ya shanye. Taku kaɗan wani ya rusuna masa. Ya shanye. A ta huɗu ko ta biyar ya fara cewa alhamdu lillahi, aka ce ai sadaka ce. Sai da muka kai tsakiyar gari, ya hango jibgegen nan zaune a gindin bango yana masa kallon ɗan'uwa, sannan na matsa na raɗa masa abin da ake ciki. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja irin haka ba. Har bakin amalanke suka raka mu, wani yaro na bin mu a guje da moɗa yana cewa ta babarsa ce, ba ta samu ladan ba.

Dawowar ba sai na tsawaita ba. Tsakanin ƙauyen da Matamai babu wata bishiya ko gindin geza da Alhaji bai gaisa da ita ba. A bakin iyaka jandarman nan ya gane mu, ya nuna tulu da haɓa ya ce, "An dace?" Na ce dangin ba sa gida. Motar direban nan da ya ɗauke mu daga Kano kuwa mun gan ta a Daura, ya kau da kai, muka kau da namu. Sai da muka wuce Kano sannan Alhaji ya ce, "Wannan haukan sai Nijar. A ƙasar Kano wa ya isa?"

Kuma da farko gaskiyarsa ce. Na ba dattawa labari a ƙofar masallaci. Baba Tanko ya karɓi tulunsa ya leƙa ciki, ya ce tun da muka cinye zakaran ai ya san ba za a dace ba. Liman kaɗai bai yi dariya ba, yana ta shafa gemu. Sauran kowa ya yi dariya, kowa ya ce dabara ce mai kyau, amma ba wanda ya ce zai fara. Wannan Alhaji ke ara masa inji, wancan a motarsa aka kai matarsa asibiti, wancan ɗansa ke aiki a gonarsa. Na wuce gonata. Ƙasa ta tsage, shukokin da ke fangalin bakin hanya duk sun ƙone, sauran sun sunkuyar da kai. Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka, ba na jin nauyin faɗa.

Ranar Juma'a na tafi masallaci da moɗa a aljihu. Ana sallamewa, jama'a na fitowa, na cika ta a randar ƙofar masallaci, na sha gaban Alhaji, na rusuna har ƙasa. Na miƙa masa da hannu biyu.

"Alhaji, ga ruwa."

Alhaji ya tsaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi 'yar dariya. "Ubangidana, wasan taubasai har a masallaci? Na gode, ba na jin ƙishi." Ya ratse zai wuce. Wasu suka fara dariya, ni kuma ina durƙushe da moɗa kamar maroƙi. Na ce shi ke nan, ga gona ta tafi ga mutunci ya bi ta.

Sai na ji an karɓi moɗar daga hannuna. Liman ne. Ya sake cika ta, ya zagaya gaban Alhaji, tsoho da shi ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu.

"Alhaji Iliya, sadaka ce. Bismillah."

Wa zai mayar da hannun Liman a ƙofar masallaci ranar Juma'a? Ya sha. Kafin ya sauke moɗar Baba Tanko na tsaye a bayan Liman da murfin tulu cike da ruwa. Bayan Baba Tanko mai shayi ne da kofinsa mafi girma. Daga nan ban san yadda aka yi ba, gari ya ɓalle. Mutanen da shekaranjiya suka ce ba za su iya ba su ne har da ture juna. Labari ya shiga cikin gidaje, mata suka fara aiko da kwanon sha. Wanda Alhaji ke ara wa inji ya zo da jug, yana cewa, "Alhaji ka yafe ni, lada nake nema."

Ya nufi motarsa, an kewaye ta. Ya nufi gida, layi ya riga shi isa. Ga ciki ya cika, ga babu inda zai tsuguna ba a gan shi ba. Sai ya tattare babbar riga ya yanki bayan gari, ya bi gefen kanal yana sauri, jama'a na biye da shi daga nesa kowa da abin shansa. Ya wuce gona ya wuce gona, ko'ina da mutane, har ya kai inda kanal ya ƙare, inda babu kowa sai ciyawa. Ya shige. Ni na san wurin, don haka na roƙi jama'a su dakata, na ƙarasa ni kaɗai.

Da ya fito daga ciyawar sai ya tsaya. Gonata ce a gabansa. Tun da ya sayi inji da waya ƙafarsa ba ta taɓa zuwa nan ba. Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya taɓa wani gindin tumatir, ganyen ya marmashe a hannunsa. Ya sa yatsa a tsagar ƙasa, yatsan ya shige duka.

"Sha'aibu," ya ce, ba wasa a muryarsa. "Haka ta zama?"

"Haka ta zama."

"Wallahi ni inji kawai nake ji an ce yana aiki."

 Ya ciro waya ya kira, karo na farko da na ji ya yi magana a cikinta a hankali. Ya ce a kashe, duka, a kuma janye tiyo daga kanal. Can sama tu-tu-tu ɗin ya yi tari ya ɗauke. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan kara, ya ɗauki fartanyata da ke gonar ya shiga share bakin magudana da kansa, ciki na masa ƙugi.

Ruwan ya daɗe bai iso ba. Da ya zo, a hankali ya zo, siriri, yana turo busassun ganye a gabansa, ƙasa na shanye rabinsa kafin ya yi gaba. Na bakin hanya sun riga sun mutu, ba abin da zai tashe su. Muka juya shi zuwa sauran. Alhaji ya ɗago, laka har gwiwa, ya hango jama'a can a tsaye a kan gaɓar kanal, kowa riƙe da moɗarsa yana jira.

"Don girman Allah, ubangidana," ya ce, "je ka gaya musu na ƙoshi."

Na duba gonar. Da sauran fangali a can ƙarshe da ruwa bai kai ba.

Na ce, "Bawana, ci gaba da aiki. In tumatirina ya ƙoshi, ka ƙoshi."